Kawun Bodinga, Mai Duba Cikin Kati

Ban taɓa zaman makokin da aka yi dariya irin na Kawu ba. Kuka kam an yi shi har idanu suka kumbura. Amma duk wadda ta shigo ta yi gaisuwa, aka shafa fatiha, sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Allah Sarki, na tuna wata rana," kafin ta kai ƙarshe sai ka ga mata suna rufe baki da gefen mayafi. Innata, wadda ita ce ƙanwarsa ciki ɗaya, ta tsawata mana har ta gaji. Daga baya ita ma ta kawo nata labarin, na yadda ya kwance rediyon mahaifinsu suna yara don ya ga mutanen da ke magana a ciki, ta yi dariya hawaye na zuba.

A ƙofar gida tabarmi sun kai har bakin hanya. An zo daga Sifawa, an zo daga Dingyaɗi, manoman albasa na Danchadi sun cika mota guda. Wani mai shagon kayan kwamfuta daga birnin Sakkwato ya rufe shagonsa ya zo, ya roƙi a bar shi ya gaida matar Kawu daga zaure. Muna ji ya ce, "Hajiya, wallahi duk kasuwa babu wanda yab ba ni wahala kamar Baba, kuma babu wanda nika marmarin gani kamar shi." Hajiya ta ce daga bayan labule, "Kai da kaka ganin shi jefi-jefi ke nan. Ni hwa?"

Wanda bai yi dariya ba shi ne amininsa, malamin wata makarantar Islamiyya a Shagari, wanda suka tashi tare tun suna kiwon awaki. An ce ya zauna a inuwar darbejiya da carbinsa, duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya amsa, ya ƙara da cewa, "To ni yanzu da wa za ni faɗa?"

Wannan tambaya ce ta sa na zauna rubutun nan. Jikokin Kawu ƙanana ne, za su girma su ji an ce kakansu mutumin kirki ne, kamar yadda ake faɗa a kan kowane mamaci. Ni kuwa ina so su san irin nasa kirkin, da taurin kansa, da abin da ke ba shi dariya.

Asalin sana'arsa gyaran rediyo ne, a wani ɗan shago kusa da kasuwar Bodinga, ga noman gero da damina, ga albasa a fadama da rani. Da wayar hannu ta cika gari, rediyo ya ja baya, abokan sana'arsa suka koma gona gaba ɗaya. Shi kuwa sai babban ɗansa, da ke aiki a Kaduna, ya zo hutu da wata tsohuwar kwamfuta da ta gaji har ba ta iya buɗe komai. Ya share manhajar da ke tafiyar da ita, ya zuba mata wata, irin wadda mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta, suka bar ta a buɗe ga kowa. Kwamfutar ta farfaɗo. Kawu, wanda a lokacin gemunsa ya riga ya yi fari, ya ja kujera.

"Wagga manhaja ta wa ta?"

"Ba ta kowa ba ce, Baba. Ta kowa ce."

"In na so in ga abin da ke cikinta?"

"Sai ka buɗe ka gani. Kana iya gyarawa ma."

Hajiya ta ce tun daga ranar ta yi sallama da mijinta. Ya koyi abin da sannu, da Turancinsa na takardun rediyo, yana kiran ɗansa a waya ba dare ba rana. Maganar da ya fi yawan yi ita ce, "Abin da aka hana ka buɗe cikinai, ba naka ba na, aro anka ba ka." Sai ya shiga bin ofisoshi da gidajen 'yan uwa yana karɓo kwamfutocin da aka fid da rai da su, ya farfaɗo da su, ya kai makarantun unguwa.

A nan ne ya haɗu da abin da ya zama aikinsa har ƙarshen rayuwa, wato katin sadarwa. Shi ne ɗan abin da ke haɗa kwamfuta da intanet. Wani ana dasa shi a ciki, wani kuma bai wuce tsawon yatsa ba, a gefe ake soka shi. Kowane kati yana buƙatar wata 'yar manhaja da ake kira direba, wadda ke sa kwamfuta ta gane shi. Wasu katunan, direbansu yana nan cikin manhajar Kawu tun asali, da ka soka sai aiki. Wasu kuwa masu ƙera su sun ɓoye yadda suka haɗa su, sai ka soka kati kwamfuta ta yi kamar ba ta ga kowa ba. Abin da ya fi ba shi dariya shi ne katin da za a ce sai ka shiga intanet ka sauko da direbansa. Yakan riƙe ciki ya ce, "Kun ji hwa! An kulle ɗaki, an ce makulli shina ciki, shiga ka ɗauko."

Na taɓa raka shi birni sayen kati, lokacin ina koyarwa a firamare, muna hutun zango. Ya rataya filashinsa a wuya da zare, wato ɗan ma'ajin da ake soka wa kwamfuta, wanda manhajar ke ciki, ya saka wata tsohuwar kwamfutar hannu a jakar da yake zuwa fadama da ita. Mai shago yana hango mu ya ɗora hannu a ka.

"Baba, yau ma?"

"Yau ma, ɗana. Kawo benci."

Mai shago ya ɗauko wani sabon kati mai eriya biyu, kwalinsa sai ƙyalli yake. Ya ce jiya jiya ya iso, babu irinsa a gari. Kawu ya juya shi, ya yaba kyansa, ya miƙa masa abinsa.

"Wanga baƙo na. Mutanena ba su koyi harshenai ba tukuna. Bari shi shekara. Ina na ƙasan kanta, masu ƙura?"

Haka aka zube masa tsofaffin katuna a tire. Bai damu da sunan da ke jikin kwali ba. Abin da yake nema shi ne lambar ayisi, wato 'yar baƙar ƙwayar da ke cikin kati, wadda ita ce ke yin aikin. Sai ya soka kati, ya buga wasu 'yan haruffa da yatsa ɗaya, ya sauke tabarau kan hanci ya karanta abin da kwamfuta ta ce. Idan fitilar kati ta kama, sunayen intanet ɗin shagunan maƙwabta suka jeru, sai ya tafa hannu ya ce, "Maraba, ɗan gida!" har masu wucewa su waiwayo. Idan kati ya yi shiru, sai ya cire shi a hankali, ya mayar kwalinsa, ya ce, "Allah shi ba ka mai so."

Mun shiga da hantsi, sai da aka kira azahar muka tashi. Ya sha ruwan mai shago, ya ci gyaɗarsa, ya shiga cinikin wasu mutane da ba su tambaye shi ba. Ni kunya duk ta rufe ni. Amma na lura mai shago yana ware katunan da Kawu ya yi wa maraba gefe guda, yana ɗiga musu alama da biro. Ya ce mini ɗaliban jami'a masu irin manhajar Baba suna zuwa nema, kuma da can sai ya sayar su dawo masa da kaya.

Alherin da ya yi mini ni kaina, da gwagwar Hajiya ya yi shi. Na shiga karatun nesa don ƙaro ilimi, ga goyo, ga aiki, kuma komai ta intanet ake turawa. Gidan aurena yana bayan shagonsa, fili ɗaya ne tsakani. Ya ba ni kwamfuta, ya ce in riƙa jan intanet daga ɗan akwatin da ke shagon. Kati ya kama, amma da ƙyar, yana zuwa yana ɗaukewa. Saura kaɗan a rufe karɓar wani aiki da makin zango ya rataya a kansa, na je na same shi ina hawaye, na ce ni dai na haƙura da karatun.

"Wa yac ce ki haƙura? Tahi gida, ina zuwa."

Can sai ga shi da doguwar waya, da gwagwar ƙarfe wadda Hajiya ke tsane shinkafa da ita. Ya huda tsakiyarta, ya cusa katin ya ɗaure da roba, ya hau turmi ya rataya ta a tagar ɗakina tana kallon shagonsa. Ya ce ƙarfen zai tattaro saƙon ya zuba wa kati, kamar yadda ake kanga hannu a bayan kunne. Yana juya ta kaɗan kaɗan, ni ina duban kwamfuta, har na yi ihu na ce ya tsaya. Aikina ya tafi a ranar.

Bai sauko daga turmin ba sai ga Hajiya ta biyo sawunsa daga gida, da ludayi a hannu.

"Maigida, ina gwagwata?"

"Hajiya, ta samu aikin gwamnati."

Ta ɗaga kai ta ga kayanta a taga da huda a ciki. Ta dube ni, ta dubi jaririn da ke bayana, ta ce, "In kin gama karatun, da sunana za a rubuta takardar." Ranar da daddare shinkafa ta caɓe, kuma ta tabbatar shi aka fara zuba wa.

Sai rigimarsa da amininsa na Shagari, wadda duk dangi suka sani. Manyan ɗaliban makarantar Malam suna shirin jarrabawar shiga jami'a, wadda a kwamfuta ake yin ta, da yawansu kuwa ba su taɓa dafa kwamfuta ba. Kawu ya kai musu waɗanda ya gyara, saura katunan da za su haɗa su da intanet don yara su riƙa gwaji. A lokacin ƙafarsa ta kumbura, ba ya iya tafiya birni. Sai ya ɗauki kwalin wani kati da ya gwada ya yarda da shi, ya ba Malam, ya ce, "Irin wanga za ka sawo. Kak ka bari a canza ma wani."

Malam ya je, ya jera kwali da kwali, ya sayo. Aka soka, ko ɗaya bai yi motsi ba. Ya kira Kawu a waya.

"Mai rediyo, katunanka sun ƙi."

"Nawa ba su ƙi. Jabu anka ba ka."

"Kwalinka na kai, iri ɗaya na, har launi."

Da abin ya tsaya a waya da sauƙi. Amma sai suka haɗu wurin wani ɗaurin aure a Sifawa, Kawu ya ce a gaban jama'a wai Malam yana rarrabe harafi da harafi a allo tun daga nesa, amma kwali biyu sun gagare shi. Mutane suka yi dariya, Malam bai yi ba. Ya ce laifin na manhajar Kawu ne, abin da ba shi da mai shi ai ba shi da tarbiyya, kuma zai kira wani ya share ta daga kwamfutocin ya zuba irin ta kowa. Da ya zagi Kawu da ya fi masa sauƙi. Washegari direban motar Shagari ya kawo katunan a leda, babu ko saƙon gaisuwa.

Suka daina magana. Mutanen da duk ranar kasuwa sai sun ci tuwo a kwano ɗaya. Kawu ya rataye ledar a ƙusa, ya ce ba zai soka jabu a kwamfutarsa ba. Shi da ke cewa kada a yanke wa kati hukunci sai an gwada, ga shi ya yanke. Ya rage cin abinci, ya riƙa faɗa da kaji. Innata ta je ta yi masa magana, ya ce ita ƙanwa ce, ta tsaya a matsayinta. Jarrabawa kuwa tana ta matsowa, yara a Shagari suna zaune gaban kwamfutocin da ba su kai su ko'ina.

Wata safiya na shiga gaishe shi, na tarar ya sauko da ledar. Ya ce yau zai fasa ɗaya ya nuna wa duniya cikin jabu. Ya sa bakin sukudireba ya ɓalle na Malam, ya ɓalle nasa na asali don a kwatanta, ya ɗauko gilashinsa na ƙara girma. Ya daɗe yana dubawa. Aiki iri ɗaya, tambari iri ɗaya, babu alamar jabu. Ayisin ne kawai ya bambanta. Ya jawo kwalayen biyu ya juya bayansu, can ƙasa kusa da lamba ya ga wani ɗan harafi da ya sha bamban, ƙanƙane kamar ƙwayar gero. Masu ƙerawa ne suka canza abin da ke ciki, suka bar suna da kwali yadda suke.

Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ɗiyata, sun canza mutum sun bar riga! Malam bai yi kuskure ba. Ɗauko min sandata."

Na ce ya bari ƙafar ta sauka, ko ya kira shi a waya. Ya ce a gaban mutane ya kunyata shi, a gaban mutane zai wanke shi. Na raka shi muka hau mota. Muka sami Malam a zauren makaranta, ɗalibai kewaye da shi, ga wasu iyaye. Kawu ya yi sallama, ya dogara sanda ya tsaya a tsakiya.

"Malam, ni nab ɓata. Abin da nac ce ka sawo shi kas sawo. Ka yahe min."

Malam ya kanga hannu a kunne. "Mi kac ce? Kunnena ya yi nauyi kwanan ga."

"Na ce ni nab ɓata!"

"Yara, kun ji? Ku riƙe wagga rana. Tun muna kiwo nika jiran ta."

Zauren ya kaure da dariya. Malam ya tashi ya kama shi ya zaunar a kan buzunsa, ya sa aka kawo fura. Ashe bai kira kowa ya share komai ba. Ya ce ya yi niyya, amma duk lokacin da ya ɗauki waya sai ya tuna wahalar da mai rediyo ya sha, ya ajiye. A ranar Kawu ya sa aka ja waya daga akwatin intanet ɗin makarantar zuwa kwamfutoci biyu mafi kusa, domin katin da ke karɓar waya a cikinsu ba ya gardama da manhajarsa, yara suka fara gwaji bi da bi. Ranar kasuwa ta gaba su biyu suka tafi birni, mai shago ya karɓi waɗanda ba a fasa ba, suka zauna a benci ɗaya suna soka kati suna musu. Yaran sun yi jarrabawarsu. Wasu sun ci, wasu sai a shekara ta gaba, amma babu wanda ya rikice don bai san abin da zai danna ba.

Ciwon da ya tafi da shi a daminar bana ya kama shi, gero ya fara fitar da kai. Bai daɗe a kwance ba, kuma bakinsa bai mutu ba. Yana kwance yana ba jikoki umarni, yana tsokanar Hajiya cewa kununta ya fi na asibiti gishiri. Idanunsa ne suka yi rauni, har ba ya gane mutum sai ya yi magana.

Ana jibi zai rasu, Malam ya zo daga Shagari da yamma. Ina ɗakin ina yi wa Kawu fifita. Bayan gaisuwa da addu'a, Malam ya laluba aljihu ya fito da wani ɗan kati, ya sa masa a tafin hannu. Ya ce an ƙaro musu kwamfuta ɗaya, shi ne ya je birni da kansa ya sayo mata wannan, yana so mai rediyo ya duba ko ya yi.

Kawu ya shafa katin da yatsu, ya kai shi kusa da ido, ya girgiza kai don ba ya gani.

"Ka tahi da filashi?"

"Na tahi da shi."

"Ka soka a gaban mai shago?"

"Na soka."

"Ya kama?"

"Nan take."

"To mi kaka tambayata, tsohon banza?"

Malam ya yi murmushi, ya riƙe hannun da katin ke ciki da hannayensa biyu. Ya ce, "Don in ji bakinka."

Kawu ya yi dariya mara sauti, ƙirjinsa na motsi. Suka zauna a haka har ladan ya kira magariba, Malam ya tashi ya yi masa alwala da kansa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa ya tarar da alherin da ya shuka ya fi yadda ya bar shi. Allah Ya ba Hajiya da Innata da amininsa haƙurin rashinsa. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen.